Difa zuwa Tama Rana Guda

Jakin ne ya kawo labarin. Da hantsi Mardiyya ta fito zubar da shara ta tarar da shi tsaye a ƙofar gida, mangala a karkace, babu mai shi. Mahaifinta, tsoho Nomau, ya saba kwana a garkarsa ta albasa idan ban ruwa ya ja shi, shi ya sa jiya ba ta damu ba. Amma jakin bai taɓa dawowa ya bar Nomau a baya ba. Ta yar da tsintsiya ta bi hanyar fadama tana kira. Ba ta yi nisa da garin Tama ba ta same shi a gefen hanyar mota, ƙarƙashin wata aduwa, ya riga ya yi sanyi.

A daidai wannan lokacin ana rabon goro a ƙofar gidan Arzika mai bin sawu, an yanka ragon sunan jikansa na fari. Arzika yana zaune a kan tabarma fuska ba yabo ba fallasa. Ya sa rai sunansa za a ba jaririn, har ya riga ya faɗa wa abokan hira, sai ɗansa Munir ya sunkuya ya raɗa wa liman wani suna daban, aka ce yaro ya ci suna Mahamud. Duk danginsu, gaba da baya, babu Mahamud ko ɗaya.

Abin da ya ƙara masa haushi, shi ne ya kawo uban jaririn gida. Munir direba ne, tattasai yake ɗaukowa daga Difa a motarsa ƙirar katkat mai buɗaɗɗen baya. Shekaranjiya Arzika ya kira shi a waya ya ce in dai shi ya haife shi, kada a raɗa suna ba ya nan. Jiya Munir ya taso tun kafin asuba, ya keto Damagaram da Maraɗi da Madawa bai tsaya ba sai shan mai, ya shigo Tama ana kiran isha'i, samari suna bin motar da ihu: Difa zuwa Tama rana guda! A wannan yanki abin kirari ne. Direban da ya kwana a hanya, 'yan mata ma dariya suke masa.

Goron bai gama zagayawa ba kururuwar Mardiyya ta watsa taron.

*

Kafin Arzika ya ja gwiwoyinsa ya isa, rabin gari ya riga shi. Tun yana saurayi yake bin sawun raƙuma da ragunan sata, aikin da ya koya wajen mahaifinsa da ya yi wa Buzaye kiwo, kuma tun lokacin abokin gabarsa ɗaya ne, ƙafafun masu kallo. Ya gaji da aikin, ya gaji da mutanen, ga ƙugu yana masa ciwo.

"Ku ja baya, don Allah," in ji shi. "Gawa kunka zo gani ko sussukar hatsi?"

Sa'arsa ɗaya, akwai inda ba a taka ba. Wani ya ɗauke Nomau daga hanya ya kwantar da shi a kan damansa, fuska gabas, ya lulluɓe shi da rawaninsa, sannan ya karyo rassan aduwa ya kewaye shi don kada karnuka su taɓa. A cikin wannan shingen ƙasa ta riƙe sawu tsaf. Na hagu takalmin roba ne irin wanda kowace kasuwa ake zubawa a ƙasa. Na dama kuwa ƙafa ce tsirara, ba takalmi.

Arzika ya tsuguna ya daɗe a kanta. Ya san ƙafar kowa a Tama, har ta yaran da bai riƙe sunayensu ba, amma wannan baƙuwa ce gare shi. Faffaɗa ce, ba ta da ramin tsakiya, yatsun sun buɗe kamar saiwar rogo. Daga bakin shingen kuma mai ita ya koma taka dunduniya kaɗai, ga ɗigon jini a gefe. Ya karɓi ƙwarya hannun wata mai fura ya kife a kan sawun da ya fi fita, kamar yadda ya saba, don kada iska ko kaji su ɓata shi.

A kan hanya bai samu abin kirki ba. Ya ga alamar wata taya da ta bar tsakiyar hanya a hankali, a hankali, ba alamar birki, amma tayoyin babbar mota da ƙafafun jama'a sun bi ta kai sun cinye ta. Ya tsinci ɗan fasasshen gilashin fitila ya ɗaure a bakin rawani.

Maigari ya matso. "Mi kag gani, Arzika?"

"Na ga wanda yay yi mishi sutura. Mugu ba ya tsayawa karyar ƙaya."

"Kai dai bi sawunka," in ji wani daga baya. "Mu mun san mugun."

*

Mugun da suka sani Faruƙ ne, direban kamyon, babbar motar ɗaukar albasa, mutumin Sabon Gida. An same shi yana lodi a fadama, aka taso shi da duka har zauren maigari. Hujjarsu biyu. Ranar kasuwa motarsa ta rushe wa Nomau kwarin ruwa, suka yi cacar baki, kowa ya ji Faruƙ ya ce wata rana sai ya bi ta kan jakin nan. Ga kuma jini a ƙarfen gaban motar. Samari har sun fara neman fetur.

Shef, shugaban jandarman da ya zo daga Buza, ya hana ƙona motar, ya ba da izinin a yi jana'iza, ya ce bayan la'asar zai tafi da Faruƙ.

Arzika ya shiga zauren ya same shi a rakuɓe, leɓe a fashe.

"Baba, wallahi akuya ta," in ji Faruƙ tun ba a tambaye shi ba. "Ga Karofane nib banke ta. Maganar jaki kuwa baki na, ka san bakin direba. Ɗiya huɗu gare ni, uwata makauniya ta. In sunka kai ni Buza wa ka ba su tuwo?"

"Tuɓe takalminka na dama."

Ƙafar siririya ce, da rami mai zurfi a tsakiya. Arzika ya fita ya gaya wa shef ba ita ba ce.

Shef ya ɗaga kafaɗa, shi ma da gani bai yi barci ba. "Tsoho, wanda yal lulluɓe gawa daban, wanda yab banke daban. Wani mai tausai na yab biyo hanya."

"Mai tausai da bai shigo gari ya hwaɗi ba?"

"Kawo min shi kahin la'asar. In ba haka ba, wanga nika da shi."

Arzika ya dubi rana, ya dubi gwiwoyinsa, ya aika a kira masa ɗan kabu-kabu.

*

A Karofane ba sai da ya yi cigiya ba, mai akuyar tana nan bakin hanya tana tsine wa duk direbobin duniya, ga fatar an shanya a kan danga. Ta kwatanta kamyon daidai, har da rubutun da ke bayansa. Faruƙ bai yi ƙarya ba ke nan. Amma wanda ya banke akuya da la'asar ba abin da zai hana shi banke mutum da magariba, haka shef zai ce, kuma yana da gaskiya.

Saura gilashin. Wani mai shayi a bakin hanyar ya ce akwai wata katkat mai ido ɗaya da ta bi hanyar Tama jiya, ta masu aikin dashen itatuwa a Keita, direbanta Hafizu. Babur ya ci gaba da jijjiga ƙashin Arzika har tashar Buza, inda suka sami Hafizu a inuwa yana cin shinkafa da wake, dattijo ne mai tumbi da rufaffen takalmi.

Hafizu bai ji haushi ba. Ya karɓi gilashin ya kara a fitilarsa, ko kusa ba su yi kama ba, kuma ƙura ta riga ta yi gida a cikin tasa fitilar, tsohuwar fashewa ce. Gilashin Arzika ma da aka duba sosai na kwalba ne. Tsoho ya zauna a kan benci, gajiya ta sauko masa gaba ɗaya, har Hafizu ya tausaya ya sa a kawo masa shayi.

"Hwaɗa min wani abu," in ji Arzika. "Mi ka sa mutum shi hito mota da takalmi guda?"

"Wace ƙahwa ta babu?"

"Ta dama."

Hafizu ya yi dariya. "Wanga ai namu na, 'yan dogon zango. In ka wuni kana taka wuta tun asuba, ƙahwar dama kumbura takai, takalmi shi matse ka. Sai ka zare shi ka tura ƙarƙashin kujera. In wani abu ya hwaru ka diro da sauri, wa ka tuna takalmi? Ni da nika yin Agadas, ƙahwata har ba ni gane ta, ramin tsakiya ma ɓacewa shikai."

"Tayar kuma da ta bar hanya sannu sannu, ba birki?"

Dariyar ta tsaya. "Barci na. Ido buɗe, mutum ya tahi. Ba ka neman ɗan Sabon Gida, baba, nan da can ko ruwa ba ka nema. Nemi wanda yat taho daga nesa."

Arzika ya ajiye kofin bai sha ba. Ya roƙi Hafizu ya zo Tama da la'asar ya maimaita wannan magana a gaban shef. A hanyar komawa ya yi ta lissafa motocin nesa da ke bin wannan hanya, na Tawa, na Ƙonni, na Agadas. Ya lissafa kowace ban da guda ɗaya, kuma ya san ya tsallake ta.

*

Ya tarar an dawo daga maƙabarta, ana zaman makoki a ƙofar gidan Nomau. Ya durƙusa ya yi wa Mardiyya gaisuwa ta bayan zana, ya sami gefen tabarma. Liman ya ɗaga hannu ya ce a yi wa mamaci addu'a.

"Allah Shi jiƙan bawanai Mahamud, Shi sa ya huta."

Jama'a suka shafa. Hannun Arzika ya tsaya a sama. Tare suka yi wasan ƙasa da mutumin nan, amma tun suna yara kowa Nomau yake ce masa, har sunan yankan ya ɓace a bakin mutane. Wa zai tuna da shi in ba liman ba? Sai fa direba, wanda fasinja ke miƙa wa katin shaida a kowane shingen jandarma. Bara da Nomau ya yi ciwon ido, a motar Munir aka kai shi asibitin Madawa.

Ya tashi ya nufi gida yana jan ƙafa. Tsakar gida cike da mata, ana tuƙin tuwon suna ba kiɗa ba guɗa saboda rasuwar. Katkat ɗin Munir tana ƙarƙashin rumfa, an juya hancinta ga bango, an rufe ta da tamfol. Arzika bai ɗaga tamfol ɗin ba. Ya kira matarsa Biba gefe.

"Ina yaron nan?"

"Shina ɗaki kwance, ko naman sunan bai taɓa ba. Kai ma ka san abin da kay yi. Ka sa ɗa ya kwaso Difa rana guda don ka samu abin hwaɗi ga majalisa. Jiya da yas shigo ƙahwatai ta dama kamar turmi, sai da nig gasa mishi da ruwan zahi da kanwa." Ta kwance bakin zane ta nuna masa. "Dubi abin da nic cire mishi ga tahin ƙahwa. Har ya yi jini."

Ƙayar aduwa ce, doguwa, kanta a karye.

Arzika ya karɓa ya juya ta a tafin hannu. Mutumin da ya wuni a cikin mota, ina ya gamu da aduwa? Biba tana kallon fuskarsa, kuma shekarun da suka yi tare sun isa ta karanta ta. Sai ta kama hannun rigarsa.

"Malam, mi ne ne?"

Ya dunƙule ƙayar a hannu.

"Shi kaɗai gare mu," in ji ta, murya ƙasa ƙasa. "Ka ce ba ka ga komi ba. Sau nawa sawu ka ɓace maka? Ka ce ya ɓace."

"Wancan ma uwa gare shi, Biba. Makauniya."

Ya zare rigarsa a hankali. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Munir ya ce, ba tare da ya leƙa ba, "In an yi la'asar ka same ni ƙohwar maigari." Kukan jariri ya taso daga ɗakin mai jego.

*

Bayan la'asar gari ya taru. Motar jandarma tana tsaye, an fito da Faruƙ hannu a ɗaure. Hafizu ya cika alkawari ya zo, ya faɗi abin da ya faɗa a tasha, shef yana saurare yana duban agogo. Mardiyya tana gefe cikin mata, ta rufe kai.

Arzika ya sa aka zubo rairayi a fili, ya baje shi da tafin hannu har ya yi sumul. Bayansa ya ƙi miƙewa, sai da ya dafa sanda.

"Moto ukku sunka bi hanyar ga jiya da marece," in ji shi. "Kowane direba shi tuɓe takalmin dama shi taka."

Faruƙ ya taka, siririyar ƙafarsa ta fito da raminta. Hafizu ya kwance igiyar takalmi yana tsaki, ya taka, tasa gajera ce mai kauri, ba rauni.

"Saura wa?" in ji maigari. "Biyu munka sani."

"Saura wanda kunka yi wa ihu jiya."

Samarin da suka nemi fetur da safe suka fara duban ƙasa. Munir yana can baya jingine da bango, idanu jajur, ƙafar dama naɗe da tsumma. Aka buɗe masa hanya ba wanda ya ce a buɗe. Ya taho yana taka dunduniya, ya tsaya a bakin rairayin, bai taka ba.

"Ba sai na taka ba, Baba. Ni na."

Wata mata ta yi salati. Munir ya ci gaba, muryarsa ba hawa ba sauka, irin ta wanda barci ya fi kuka ƙarfi a jikinsa.

"Tun Madawa nika ganin hanya biyu biyu. Na ce in tsaya in kwanta, sai nit tuna saura kaɗan, ga mutane na jira. Na hango hasumiyar masallacinmu, wallahi na hango ta. Daga nan ban san komi ba sai ƙara. Da nid diro shina da sauran rai. Ya gane ni. Ya ce, Munir, kai na? Ka iso lahiya?" Ya dubi hannuwansa. "Bisa hannuna yac cika. Na ce in bari a raɗa suna in kai kaina. Da sahe nij ji an kama wanga bawan Allah, bakina ya yi nauyi. Ina ta cewa yanzu, yanzu, har la'asar."

Ya juya wajen mata. "Mardiyya, ba ni da abin ba ki. Sunanai na ba ɗana."

Mardiyya ba ta ɗago ba. Kafaɗunta kawai suke rawa.

Shef ya kwance Faruƙ da kansa. Faruƙ ya murza wuyan hannu, ya dubi jama'ar da suka fasa masa baki, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Ya zo gaban Arzika zai durƙusa, tsoho ya tare shi.

"Tahi gida. In dare ya yi maka ga hanya, ka kwana."

Da za a sa Munir a mota, Arzika ya matso kusa da shef. "Ni nik kira shi," ya ce. "Ni nic ce kada shi kwana."

"Wanga ba shi cikin abin da doka ka kamawa, tsoho."

"Na sani. Shi ya sa nika hwaɗa maka."

Munir ya hau baya ya zauna tsakanin jandarma biyu. Motar ba ta kai ga fita gari ba aka ga kansa ya langaɓe a kafaɗar ɗayansu, barci ya ɗauke shi.

*

Arzika bai koma gida ba sai da rana ta yi ja. Ya bi ta wajen aduwar ya ɗauke ƙwaryar mai fura, ya shafe sawun da tafin hannu, ya aika mata da abarta.

Gida ya watse, tukwanen tuwo suna nan ba a kwashe ba. Ya yi sallama, Biba ba ta amsa ba. Tana shara, ta share tsakar gida tas tun daga murhu har bakin zaure, sai wuri ɗaya da ta kewaye, daidai ƙofar ɗakin Munir. A nan ta kife ƙwaryarta ta kiɗan ruwa, ta ɗora dutse a kai.

Ba sai ya ɗaga ba, ya san abin da ke ƙarƙashi. Shi ya koya mata.

Daga ɗakin mai jego jariri ya tsala kuka. Arzika ya kewaye ƙwaryar a hankali don kada ya tayar da ƙura, ya tsaya a bakin labule, ya ce a miƙo masa Mahamud.